Wanzamin da Ke Tsayawa a Bayan Ashafa

Da an idar da sallar asuba, kafin masu koko su gama hura wuta, Malam Gidaɗo wanzami ya riga ya rataya zabirarsa ya fito daga lungunsu na Goron Dutse. Ba shi da shago, ba shi da benci, bai taɓa kafa madubi a bangon kowa ba. Yau ya gangara Gwammaja, gobe ya nufi wajen Ƙofar Wambai, kuma duk gidan da ya yi wa sallama, idan ka bincika, za ka tarar tsohon soja ne a ciki. Haka yake yi tun da ya ajiye kaki ya dawo gida, har zuwa bana da hannunsa ya soma rawa, ƙafa kuma ta ƙi ɗaukarsa.

Gaskiya haushi ne ya sa ni wannan rubutu. Mutum ya ƙarar da ƙarfinsa a tsakiyarmu muna kallo, amma duk abin da muka iya faɗa a kansa shi ne, wanzamin nan ba shi da sauri. Kuma ba ƙarya muka yi ba, ba shi da saurin. Sai dai a cikinmu babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi dalili.

Kowane wanzami idan ya zo ƙeya, zagayawa yake yi bayan mutum. Gidaɗo ba ya zagayawa. Zai zaunar da mutum ya jingina da bango, shi kuma ya durƙusa a gabansa, ya buɗe zabira a inda idonsa ke gani. Ya miƙa masa askar ya riƙe, ya jujjuya ta, sai ya gaji don kansa ya mayar masa. Idan an zo ƙeya sai ya ce, "Kofur, zan sunkuyar da kanka. Ni ne, Gidaɗo." Ya jawo kan zuwa ƙirjinsa, ya aske daga gaba. Samarin shagunan aski sun daɗe suna yi masa dariya, wai tsoho bai san inda ƙeya take ba. Ya sani sarai. Shi ma soja ne, farabiti mara igiya, da shi aka je Laberiya da Saliyo aikin kwantar da tarzoma, kuma da yake wanzanci gadonsa ne, askarsa na cikin jakarsa duk inda aka tura su. A can ya gane cewa wanda aka taɓa yi wa kwanton ɓauna ba ya yarda ƙarfe ya zo masa ta baya, ko da na ɗan uwansa ne.

Ana cikin askin nan bakin tsofaffin yake buɗewa. Abin da ba su faɗa wa matansu ba, shi suke faɗa wa. Wannan ya tuna abokinsa da aka binne a gefen hanya babu likkafani, wancan ya tuna wani Kirista mutumin Zuru da ya goya shi a bayansa har bakin kogi. Gidaɗo ba ya katse kowa, ba ya kuma cewa a manta, ya wuce. Sai dai ya tsayar da aska ya tambayi sunan mamacin, ya maimaita shi, a yi addu'a, sannan a ci gaba. Mu tamu tunawar da mazan jiya sau ɗaya ce a shekara, mu ga manya a talabijin suna ajiye furanni, mu canza tasha.

Amma zancen Kofur Ashafa ne ya fi ci mini rai. Gidansa yana bayan masallacin unguwarmu, ko tari ladan ya yi a lasifika yana ji daga ɗakinsa. Duk da haka tun da ya dawo daga Saliyo ba a ga ƙafarsa a masallaci ba. Mu kuwa da yake Allah ya hore mana baki, sai muka yi ta aiki da shi. Wasu suka ce bariki ce ta lalata shi, wasu suka ce ƙwaya ce, wasu suka ce iskokin dajin can ne suka biyo shi. Har aka sami wanda ya miƙe bayan salla ya ce idan Ashafa ya mutu a haka shi ba zai tsaya a kan gawarsa ba, kuma mutane da yawa suka gyaɗa kai. Maganar nan a wani gidan bikin suna ta iske matarsa, 'Yardada. Ta ajiye kwanon da ke hannunta ta koma gida tana kuka, domin ita ta san goshin mijinta ya yi baƙi don sujada, a ɗaki, bayansa manne da kusurwa. Gida yana nan, ƙofa a buɗe, amma ba wanda ya taka ya tambaye ta.

Ita ce ta aika a kira Gidaɗo, saboda gashin mijin ya yi yawa kuma babu wanzamin da ya yarda da shi. An daɗe ana zuwa ana komawa kafin aska ta taɓa kansa, an kuma daɗe ana aski kafin ya yi magana. Ba a bakin Gidaɗo na ji abin da ya faɗa ba, don shi ko za ka kwana kana roƙo ba zai faɗa maka ba. Ashafa ne da kansa ya ba da labarin daga baya. Suna jam'in La'asar ne a daji, yana sahun gaba, aka buɗe musu wuta ta baya. Da ya ɗago daga sujada, waɗanda ke bayansa ba su ɗago ba. Tun ranar, da zarar ya kai goshi ƙasa ya ji motsi a bayansa, jikinsa ba ya bin umarninsa. Ya gwada tsayawa a sahun ƙarshe, to amma mun san halinmu, kullum akwai masu makara da za su zo su yi sabon sahu a bayanka.

Gidaɗo ya ce, "Idan ni ne a bayanka fa?"

Ashafa ya ce, "Kai kaɗai me za ka tare, Gidaɗo?"

"Babu abin da zan tare. Amma in wani abu ya taso ni zai fara samu, ka ji ƙarata. In ba ka ji ni ba, to lafiya ce, ka yi sujadarka."

Wannan magana ba mai shiga kunnen farar hula ba ce, amma soja ya gane ta. A soron gidan suka fara gwadawa, Ashafa a gaba, Gidaɗo a baya, 'Yardada na leƙe ta labule tana addu'a. Sai da suka ga abin ya zauna, sannan wata La'asar suka fito tare, suka shiga masallaci, suka tsaya a gefe kusa da bango, ɗaya a bayan ɗaya.

A nan ne muka nuna gwanintarmu. Alhaji Gali, shugaban kwamitin masallaci, mai shagon robobi a Ƙofar Wambai, mutum ne mai zuciyar kirki, ba na musun wannan. Yana waiwayowa ya ga Ashafa, farin ciki ya kama shi.

"Ikon Allah, Baba Ashafa ne yau a masallaci? Ai nan ba wurinka ba ne. Jama'a, a ba dattijo hanya ya wuce gaba."

Gidaɗo ya ce, "Alhaji, don Allah bar shi a nan."

"Haba Malam Gidaɗo, babba kamar wannan, kuma yau ya fara zuwa, a bar shi cikin yara? Wallahi ba za a yi haka da ni ba."

Ya kama hannunsa ya ja, wannan ya matsa, wancan ya tura, kowa yana neman lada, har aka dasa shi a bayan liman. An riga an tayar da iƙama, sahu ya rufe, Gidaɗo ya tsaya can baya yana kallon ƙeyar mutane. A sujadar farko Ashafa ya zabura ya miƙe, ya bi ta kan bayan masu salla ya fice, ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Mutanen da suka ce ba za su sallaci gawarsa ba, su ne suka taru suka girmama shi har suka kore shi. Da aka sallame kuwa sai ka ji ana cewa, kun gani ko, dama mun faɗa iskoki ne. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Kai ne, Gidaɗo, ka tsinci takalman nan ka kai masa gida, ya ƙi buɗe maka ƙofa. Kai ne ka ci gaba da zuwa duk Alhamis, ka yi sallama, ka zauna a soro kana wasa aska har rana ta ɗaga, ka tashi ka tafi ba a ce maka ci kanka ba. Watanni aka yi a haka kafin ya sake buɗe maka ƙofa. Da ka ga dama da ka tara mu ka zayyane mana abin da ya faru a daji, ka wanke abokinka, ka wanke kanka. Amma amana ce aka ba ka a ƙarƙashin aska, ka ƙi taɓa ta. Abin da kawai ka ce wa Alhaji Gali shi ne, "In Allah ya sa ya sake zuwa, kada ka girmama shi. Ka yi kamar ba ka gan shi ba." Alhaji ya ji haushi, ya daɗe ba ya amsa gaisuwarka da kyau, amma ranar da Ashafa ya sake zuwa ya kawar da kai kamar yadda ka ce.

Daga nan Ashafa ya zama ɗan jam'i. Shekaru ke nan yana tsayawa a gefen bango, wanzaminsa a bayansa. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne nauyin da hakan ya ɗora wa Gidaɗo. Ko yana Gwammaja ya ji lokaci ya gabato, sai ya naɗe zabira ya kamo hanya da sassarfa. Bikin dangi a ƙauye ba ya kwana. Kuma komai sammakonsa ba ya shiga sahun farko, tun da inda Ashafa ya tsaya, bayansa ne wurinsa. Kun san abin da muka ce? Wai Malam Gidaɗo ba shi da kwaɗayin lada, yana zuwa da wuri amma yana barin falalar sahun gaba. Har nasiha wani ya tare shi ya yi masa a bakin famfon alwala. Ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya saka da alheri.

To bana ciwo ya kwantar da shi. Likita ya ce aska kam sai dai a ajiye, tafiya ma sai da mataimaki. A lokacin ne muka tuna ashe akwai shi. Kwamiti ya zauna, aka ɗinka masa shadda, aka sayi buhun shinkafa, aka je dubiya Alhaji Gali na kan gaba. Alhaji ya gyara murya ya soma jawabi a kan gudummawar da ya bayar, bai yi nisa ba Gidaɗo ya ɗaga hannunsa mai rawa.

"Alhaji, tun da na kwanta, wa yake tsayawa a bayan Ashafa?"

Aka shiga kallon juna. Gaskiyar ita ce babu wanda ya ma lura cewa Ashafa ya daina zuwa. Mun kawo wa mutum shadda, aikin da ya kashe ƙafarsa a kai kuwa mun bar shi ya rushe a gaban idonmu.

Sai Alhaji Gali ya ce, "Ni zan tsaya."

"Kai? Kai da ka ja shi gaba?"

"Ni ɗin dai, Malam. Ka gaya mini yadda ake yi."

Gidaɗo ya dube shi sama da ƙasa kamar mai duba kan da zai aske. Ya ce masa ya je gidan Ashafa da kansa, kada ya aika. Ya tafi a gefensa, kada ya bi shi a baya a hanya. A masallaci kada ya yi gyaran murya, kada ya taɓa shi, kuma ko liman ne ya kira shi gaba kada ya motsa.

Washegari da La'asar aka ga abin da ba a saba gani ba, shugaban kwamiti ya taho da Ashafa, ya bar wurinsa na bayan liman ya dawo cikin yara. Kafin a kabbara Ashafa ya waiwayo ya ƙura masa ido.

"Ina Gidaɗo?"

"Yana kwance, Baba. Shi ya aiko ni."

Ashafa ya ci gaba da kallonsa har liman ya yi kabbara, sannan ya juya ya ɗaga hannu. Daga baya Alhaji ya ce bai taɓa sanin sujada tana da tsawo haka ba, don kunnensa na kan numfashin mutumin da ke gabansa. Aka sallame Ashafa na zaune a wurinsa. Alhaji ko addu'a bai tsaya ba, ya nufi gidan Gidaɗo da saurinsa yana haki, ya ba shi labari tun daga bakin ƙofa. Yana jiran a yaba masa, Gidaɗo ya ce, "To, madalla. Saura Magariba. Me kake yi a nan?"

Mun gode, Malam Gidaɗo, wanzamin sojoji, mai aski ta gaba. Mun gode duk da ka nuna mana ba godiyarmu kake bukata ba. Allah ya ba ka lafiya, ya ba ka ladan duk sahun farkon da ka bari saboda ɗan uwanka, ya jiƙan waɗanda ba su ɗago ba.

Sauranmu kuma, kada mu tafa wa Alhaji Gali mu koma gida. Mutum ne mai shago, gobe zai tafi Legas sarin kaya, kuma salla biyar ce a yini. Wanda ya san yana da ƙafa da alwala ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar Ashafa da kansa. Ga shi can ladan ya fara gyara lasifika.