Numfashin da Aka Goge Daga Faifai

Shekara arba'in da ɗaya Hatakeyama Michiyo ta yi a masana'antar faifan garmaho ta birnin Kawasaki. Ta shiga tana 'yar sha tara, tana zura faifai a kwali. Daga baya aikinta ya zama guda ɗaya: a kawo mata faifan gwaji, ta saurare shi ciki da bai, in babu aibi ta buga jan hatiminta a takarda. Sai da hatimin nan ake kunna injin buga faifan. Ba ta yi aure ba, ba ta kuma nemi tausayin kowa. Ko bikin wasan wuta ba ta zuwa, don kada ƙara ta taɓa mata kunne.

Bara aka kawo mata wani tsohon kiɗan jaz, mai busa saksofon da mutum uku a bayansa, za a sake buga shi a faifai mai nauyi. Sau shida kiɗan nan yana bi ta hannunta. Ta san cewa kafin waƙa ta biyu mai busan yana jan numfashi, irin na wanda zai ɗaga buhu, sannan maɓallan saksofon ɗin su yi ƙas-ƙas. Ta ɗora allurar garmaho a kan faifan gwajin ta jira. Shiru. Sai kawai busa ta faɗo kamar daga rufi.

Ta sa aka kira Noguchi, shugaban sashen, wanda ita ta koya masa riƙe faifai ta gefe.

"Noguchi, ina numfashin mutumin nan?"

"Datti ne, Malama Hatakeyama. Na'ura ta gano shi, muka share."

"Datti? To kai ma a toshe maka hanci mu ga tsabta."

Ya yi 'yar dariya. "Masu saye shiru suke so, tsit, kamar a ɗakin tiyata."

"Su je ɗakin tiyatar mana! Mutum ya cika ƙirji ya busa, ya mutu, ya bar abu ɗaya da ke nuna ya taɓa rai, kun bi da tsumma. Ranar da ka zo nan, yatsunka duk man soyayyar kaza, wa ya goge bayanka?"

"Hatimi kawai nake roƙo. Injin na jira."

"Ya yi ta jira. A koma tef na asali a sake ɗauko kiɗan."

Noguchi ya sunkuya kamar mai ladabi, ya yi ƙasa da murya. "Gwajin asibiti ya nuna kunnenki na hagu ya fara ja baya. Ban kai maganar sama ba tukuna."

Ta dube shi har ya kau da kai. Gaskiya ne, kuma ta fi shi sani. Ta tura masa takardar.

"Da kunne ɗaya na ji abin da kuka sace. Kai mai biyu, buga naka."

Ya buga. Faifai dubu uku suka fita, mujallu suka yaba tsabtarsu. Ƙarshen watan ta ajiye aiki, ta ƙi zuwa liyafar sallama. Furen da suka aika mata gida, ta sa aka mayar musu.