Ranar da Iyayena Suka Yi wa Juna Magana

Shekara biyar iyayena suka yi a gida ɗaya ba sa magana da juna. Ba saki, ba yaji. Baba ya sayar da gonar da Inna ta gada a Daddara bai shawarce ta ba, ita kuma ta rantse bakinta da nasa sai a lahira. Ni ce babba a 'ya'yansu, don haka ni na zama bakinsu.

"Ce wa uwarki gishiri ya yi yawa a miyar nan."

"Ce masa wanda bai kawo cefane ba ba ya zaɓen miya."

Tsakaninsu bai fi taku huɗu ba, ni ina tsaye a tsakiya ina kai baƙar magana ina dawo da 'yar uwarta. In na rage mata kaifi, a ce ba haka aka aike ni ba, tunda kowa ya ji da kunnensa. A unguwarmu ta Jibiya kuwa ana ganin gidanmu gidan mutunci ne, don ba a taɓa jin hayaniyarmu ba.

Ina ajin ƙarshe na sakandare wayar Inna ta faɗa cikin bokiti. Aka ba ni in kai gyara Magama, inda masu gyaran waya suka jera rumfuna kusa da ƙofar boda. Wanda na tarar saurayi ne siriri daga Dan Issa, can tsallaken boda, kullum da safe yake ƙetarowa a kan babur. Ya buɗe wayar ya shanya kayan cikinta a rana, ni kuma na zauna a benci na fito da littafin soyayya da na aro a makaranta.

"Mi kike karatu?" ya tambaye ni.

Na nuna masa bangon.

"Bari in gaya miki ƙarshensa. Za su sha wuya, sannan su yi aure."

Na ce in abin da sauƙi ya rubuta nasa mana. Ya ce shi a lakwal, wato makarantar bokon ƙasarsu, Faransanci aka koya masa, amma ni da nake da Hausa a hannu, me ya hana ni? Haushin maganar ya sa na sayi littafin rubutu. Bayan mako guda na koma da shafi goma, wai na zo a duba mini caja.

Haka muka fara. Yakan karanta yana bin layi da ɗan sukudireba, manyan motoci na wucewa suna girgiza rumfar. Ba ya yabon abin da bai yi masa ba. Wata rana ya ɗago kai ya ce, "Na lura da wani abu. A labarinki iyaye ba su magana. Kullum aike suke yi."

Ban san na sa hakan ba. Na fashe da kuka a gaban mutane, ya tashi ya tsaya ta bakin rumfar don kada a gan ni. Da na natsu na gaya masa komai, abin da ban taɓa gaya wa ko ƙawata ba. Shi ma ya gaya mini nasa: mahaifinsa ya tafi neman kuɗi arewa tun yana ƙarami, bai dawo ba, bai aiko ba. Mahaifiyarsa ce ta raine su su huɗu da sayar da abinci a tasha.

Da na gama jarrabawa ya turo kawunsa ya gaida Baba, kamar yadda ake yi. Baba ya karɓe shi a zaure, ya ce zai bincika. Bayan kwana biyu, muna cin abincin rana, Baba ya shigo. Na miƙe don in karɓi aike. Sai ya wuce ni, ya dubi Inna ido cikin ido.

"Kin ji wanda 'yarki ta kwaso mana?"

"Na ji," in ji Inna. "Ɗan mai tuwo-tuwo."

Ƙannena suka tsaya da loma a hannu. Autarmu ba ta taɓa jin haka ba tun da ta yi wayo. Baba ya zauna a gefen tabarmar Inna, suka shiga tattaunawa kamar jiya suka rabu. Gidan da babu uba. Uwa tana yini cikin direbobi. Ina tarbiyya za ta fito? Shekara biyar ina roƙon Allah ya nuna mini ranar nan. Lokacin da ƙanena ya kwanta asibiti ba su yi magana ba. Lokacin da kakata ta rasu ba su yi ba. Sai da aka zo wulaƙanta matar da ba ta tare musu komai ba bakinsu ya zo ɗaya.

Na ce, "Inna, su a gidansu ana gaisawa da safe."

Ta kwaɗa mini mari. Baba ya ce, "Ƙara mata."

Bai tsaya nan ba. Washegari ya je har rumfar, gaban abokan sana'ar yaron da 'yan acaɓa, ya ce masa ya je ya nemo ubansa tukuna kafin ya nemi 'yar mutane. An ce yaron ya dai ci gaba da ɗaure wayar da ke hannunsa. Kafin wata ya ƙare ya kwashe kayansa ya koma Maradi. Ya aiko mini da littafina ta hannun wata mai kai tabarmi kasuwa, da saƙo guda: ba zai shiga tsakanina da iyayena ba. Shi ma na daɗe ina jin haushinsa. Na so ya yi gardama ko sau ɗaya.

Sulhun iyayena kwana uku ya yi. A na huɗu Baba ya ce, "Ce wa uwarki…" Na ce na daina. Duka bai sa na koma ba, sai aikin ya faɗa kan ƙanwata, kuma wannan har yau yana damuna.

Na tafi Katsina karatu, daga baya na yi aure a can. Sau ɗaya na ƙetara Dan Issa na nemi mahaifiyar mai gyaran wayar nan a tasha. Ta gane ni tun ban gama gaisuwa ba. Ta zuba mini shinkafa da wake, ta tambayi lafiyar Inna da Baba ɗaya bayan ɗaya, ta ce ɗanta ya yi aure, yana da 'ya'ya biyu. Na fara ba ta haƙuri, ta ce, "Ɗiyata, ci abincinki. Allah bai yi ba ne."

Baba ya rasu bara waccan, ba su shirya ba. A zaman makoki mata suka cika tsakar gidanmu suna yaba wa Inna: mace mai haƙuri, shekara talatin da wani abu ba wanda ya taɓa jin kansu. Wata tsohuwa ta juyo gare ni ta ce mu yaran yanzu mu yi koyi. Na buɗe baki zan faɗi gaskiya. Na dubi ƙanwata, ta girgiza mini kai a hankali. Sai na tashi na koma bayan ɗaki, inda ake wanke kwanonin baƙi, na zauna na kama wanki.