Rediyon Garso Sajo

Sajo bai taɓa zama a lakol, wato makarantar boko, ba, kuma Hausarsa har yau tana ɗingishi. Amma a rugagen bayan Gangara, in aka ce garso, wato mai shige wa shanu gaba in an tashi ƙaura, to shi ake nufi. Shekara talatin yana wannan aiki da sanda, da gora, da wani tsohon rediyo da ya ɗaure da robar taya.

Ba don labarai yake rataya shi ba. Tun yana saurayi ya lura cewa in ya ɗora shi a tafin hannu yana juyawa a hankali, akwai inda muryar tashar Maraɗi take dusashewa ta mutu. A daidai nan, gefen rediyon ya miƙe sak ga garin da tashar take. Haka ma wata tasha ta kudu, hayin iyaka. Da su biyun nan ya haddace rijiyoyin daji, kowace da yadda muryoyin ke mutuwa a bakinta. Mutane na dariya, wai Sajo na yi wa rediyo rawa. Shi kuwa ko a jikinsa.

Sai zamani ya kawo waya mai taswira. Rilwanu, ɗan ƙanensa, magidanci mai 'ya'ya uku, shi ya zo da ita, tauraron ɗan'adam na nuna masa inda yake tsaye. Kada a yi mata ƙazafi, wayar ta yi aiki. Shekara biyu ita ake bi, Sajo na tafe a baya kamar baƙo. Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma magana ɗaya ya yi: "Ku bi na sama, amma kak ku yad da na ƙasa."

Bazarar bara ce ta raba gardama. Sun juyo daga arewa, shanu kwana biyu ba su ga ruwa ba. Hadari ya rufe sama tun safe, ba rana, ba inuwa, ba kuma ko ɗigo. Gawon da ake gane mararraba da shi, masu itace sun sare. Da azahar wayar ta ɗau zafi, ta ɗauke ɗif. Rilwanu ya danna, ya hura mata iska, ya fifita ta da malafa, shiru. Maruƙa suka fara durƙushewa.

"Baffa," in ji Rilwanu, kansa a ƙasa, "na ɓad da mu."

"Riƙe mini sandag ga," in ji Sajo.

Ya goge pil biyu, wato batura, a gefen riga, ya saka su, ya kunna rediyon, ya shiga juyi. Ya kama Maraɗi, ya ja layi a rairayi. Ya kama ta kudu, ya ja wani. Ya daɗe a tsugune yana dubansu.

"Mun wuce rijiya. Shina baya, hannun hagu."

Juya shanu masu ƙishi baya ba wasa ba ne, kuma in ya kuskure, babu wata rijiyar da ƙafarsu za ta kai. Suka juya. La'asar sakaliya shanun gaba suka ɗaga hanci, suka sheƙa da gudu ba wanda ya kora su.

Ko maraƙi ɗaya ba a bari a daji ba. Ran nan tsohon ya ji daɗi har cikin ƙashinsa, bai kuwa ɓoye ba. Ya nufi bakin rijiya ya kama igiyar guga, sai Rilwanu ya zare ta daga hannunsa.

"Zamna, Baffa. Garso ba ya jan ruwa."