Farcen Inna Mai Dashe

Shekara goma sha tara Inna Mai Dashe tana renon dashen tumatir a lambun haɗin gwiwa, kuma ba ta taɓa karyawa ba sai ta ƙirga shukarta. Ran nan leda ɗari shida da arba'in ta samu, kowace leda da shuka ɗaya mai ganye huɗu. A layi na uku ta tsaya cak. Wani farin zane ne ya yi tafiyar maciji a jikin ganye, siriri daga farko, yana ƙara faɗi zuwa ƙarshe. Ƙudan ganye ya yi ƙwai, tsutsarsa na ci ta ciki.

Dokar lambun kuwa ba sani ba sabo: malamin gona zai duba ganye ɗari, in masu tsutsa suka haura goma, a kwashe dashen kaf a ƙone. Ƙarfe goma zai iso. Yanzu bakwai ta gota.

"Inna, mu tsinke ganyen masu zane mu binne mana," in ji surukarta, wadda ke biye da ita da bokiti.

"Shukar da ganyenta huɗu? Ke in an rage miki hannu ɗaya, da me za ki ci? Ajiye bokitin nan, kawo farcenki."

Ta ɗaga leda ta saita ta da rana. A ƙarshen zanen ga ɗigo rawaya, bai kai ƙwayar gero ba: tsutsar ke nan. Ta matse shi tsakanin farce biyu, ganyen ko ƙwarzane bai yi ba.

Haka suka duƙufa, leda bayan leda. Ƙarfe tara suna kan ta ɗari uku da tamanin. Ƙugun Inna ya riƙe, gumi na shiga mata ido, bakinta bai daina ƙirga ba. Saura leda saba'in suka ji ƙarar babur a bakin ƙofa.

Malamin gona ya bi layukan, fuska ba walwala, yana ware masu zane gefe. Da ya cika ɗari ya miƙe.

"Sha uku, Inna. Ki yi haƙuri."

"Zane ka ƙirga, ɗana, ba tsutsa ba. Ɗaga wa rana."

Ya ɗaga ta farko. Tsutsar matacciya ce. Ta biyu ma haka. Haka har ta sha biyu. A ta sha uku ɗigon yana motsi.

"Ɗaya," in ji shi.

Inna ta miƙa hannu ta matse.

"Sake ƙirgawa."