'Yar Tsanar Ƙashi Ta Je Jidda

Ko kiran assalatu ba a yi ba muka bar gida zuwa filin jirgin Kano, ni da matan unguwarmu, za mu aikin hajji. Kowa da guzurinta, kuka da daddawa da yaji. Ni har da ƙashin ƙafar rago a ƙullin zane. 'Yar tsana ce irin ta da, an ɗinka mata ɗan zane, an liƙa mata kitso da danƙo. Iya, mahaifiyata, ita ta danƙa min. Tana da yaya, Inna Hansai, wadda mahaifinsu ya tafi da ita Makka a ƙasa tun suna yara, aka bar Iya wajen kaka. Ba su sake ganin juna ba. Yanzu ga tsufa ga ciwo, abin da Iya ke so ta sani kawai shi ne ko yayarta na raye, kuma ko tana tuna ta.

Jidda ta tarbe mu da wani zafi mai danshi, kaya na manne wa mutum a jiki. Mai binciken kaya ya zaro ƙashin nan, ya juya, ya sansana, ya dube ni kamar ya kama mai tsibbu. Na ce masa da Hausa wasan yara ne. Bai ji ba, ya dai gaji ya ce "Yalla," wato in wuce.

A kasuwar Bab Makka na fara cin wakensu da suke kira ful, da gurasa mai faɗin faifai. Atamfa da turare araha, ruwan sanyi ne ke da tsada. Kayan wasa kuwa tuli: jirage masu maɓalli, 'yan tsanar roba masu rufe ido. Kunya ta kama ni da nawa ƙashin, har na sayi ta roba guda don ƙari.

Da tambaya na kai Karantina, unguwar da Hausawan da suka daɗe a Jidda suke zaune. Gidajen kwano da katako ne, lunguna matsattsu, ga ƙamshin tuwo, ga Hausa gauraye da Larabci. Na sami Inna Hansai tana soya ƙosai a ƙofar gida. Na durƙusa na gaida ta, na faɗi ko ni wace ce. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"'Yar nan, duk shekara alhazai na zuwa su ce ni innarsu ce, don su sami wurin kwana. Ba ni da kowa a can. Halas, magana ta ƙare."

Wallahi raina ya ɓaci. Na miƙa wa wata jikarta da ke gefe 'yar tsanar robar, yarinya ta yi tsalle tana "Arusa! Arusa!", haka suke kiran 'yar tsana. Sannan na kwance ƙullin na ajiye ƙashin kusa da kaskon, na miƙe zan tafi.

Sai na ji ƙosai na ƙonewa. Inna ta riƙe ƙashin da hannu biyu.

"Ai wannan tawa ce! Ranar da za mu tashi na neme ta na rasa, na yi ta kuka har muka shiga daji. Ashe Ladi ce ta ɓoye!"

Ladi sunan Iya ne na yarinta, ni kaina ban gaya mata ba. Tana dariya tana hawaye, ta shiga jero min wasanninsu: carafke, 'yar gala-gala, koɗin katantanwa, a-sha-ruwan-tsuntsaye. Wasu sunayen ni da na zo daga gida na daɗe ban ji su ba. Ita ta adana su, jikokinta kuwa ko ɗaya ba su sani ba. Abin ya ba ni tausayi.

Bayan mun sauko daga Arfa na koma yi mata sallama. Ta ɗinka wa 'yar tsanar sabuwar riga da ƙyallen mayafinta, ta mayar min.

"Ki ce wa Ladi ta ci gaba da riƙe min, zan zo in karɓa."

Na dubi ƙafafunta da suka kumbura, na ce to.

Na dawo gida da dabino da zamzam, na kuma gane cewa abin da muke kira tarkace wani lokaci shi kaɗai ne shaidar zumunci. Iya ba ta kula tsarabar ba. Ta karɓi ƙashin, ta daɗe tana sansanar rigar. Da na isar da saƙon sai ta ce:

"Don ta fasa tafiya na ɓoye. Na ɗauka ba za ta tafi ta bar ta ba."

Ta tura ta ƙarƙashin matashinta, ta ce a riƙa share ɗakin baƙi.