Ambeyi Ya Ƙi Shiga Gaban Mota

A garin Khayega, can yammacin Kenya, in ka ce Ambeyi, ba mai tambayarka wanne, sai dai a ce, "Mai muryar nan?" Shekara goma sha ɗaya ya yi yana kamasho a tasha, yana kiran fasinjojin Kisumu, har matan da ke can cikin gonakin shayi da kiransa suke sanin lokacin ɗora tukunya ya yi. Gajere ne, ga gwame, amma maƙogwaron da Allah ya ba shi na mutum uku ne. Da guminsa na tasha ya sayi ɗan maraƙi baƙi mai farin goshi, ya sa masa suna Siminti, ya yanka masa ɗaki a cikin gida, bango ɗaya ne tsakanin garken da gadonsa. Da baki ya raine shi. Da safe kirari, da rana faɗa, da yamma kuma ya jawo kujera ya ba shi labarin duk wani bijimin da ake ji da shi a filin karon shanu. A garinmu ba a kiran wannan hauka. Wanda ba shi da sa shi ake wa kallon tausayi.

Siminti bai kai ga karon farko ba aikin gadi ya samu a Doha, Ambeyi ya tafi, ya bar wa yayansa Lugonzo kiwo. Can aka tsayar da shi a ƙofar wani kanti mai sanyi, aka ce ya riƙa yi wa mutane maraba a hankali. Ambeyi da a hankali. Shekara biyu yana raɗa kamar mai ciwon haƙori. Matarsa Imali kan turo masa hotunan sa, ya ga tozo ya tashi, ƙaho ya buɗe, ya yi ta murna, sannan tsoro ya biyo baya. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma abin da ke hana shi barci shi ne kada ya koma gida Siminti ya dube shi kamar baƙo.

Sai ga saƙo: an sa rana. Asabar ɗin da ke gabanin Kirsimeti, da sassafe, Siminti zai kara da Katafila, bijimin Muhanji, abokin kaciyar Ambeyi. Kowa ya san kafin gari ya waye mai sa ne zai shiga garke ya gaya wa sansa wanda zai fuskanta, ya kuma zare sakata da hannunsa. San da wani ya buɗe wa ƙofa maraya ne, a haka yake shiga fili.

Ambeyi ya karɓi hutu, ya hau jirgin da zai sauka Nairobi da tsakar ranar Juma'a. Kafin a gama ɗaura bel ya nuna wa duk 'yan layinsa hoton Siminti, har da wani Bature da bai tambaya ba. Jirgin ya ɓata awa biyar kafin ya tashi, bai sauka ba sai da rana ta yi ja. Ko a jikin Ambeyi. Yana taka ƙasar Kenya ya saki muryar da ya daɗe yana ɗaurewa, ya gai da jami'in kwastan gaisuwar da ta sa wata tsohuwa ta saki jakarta.

A teburin tikiti murnar ta fara cin karo da lissafin lokaci. Yarinyar da ke wurin ta ce jirgin Kisumu na ƙarshe ya cika, sai na safe, mai sauka bakwai da rabi.

"'Yata, bakwai da rabi ai an riga an fara kiɗa. Ba ko ɗan lungu? Ni ba ni da tsawo."

"Baba, jirgi ne, ba bas ba," in ji ta, tana ƙunshe dariya.

A waje wani direban tasi ya ce jirgin ƙasa na Juma'a bai tashi ba tukuna, in suka yi sauri za su same shi, amma sai gari ya yi haske yake shiga Kisumu, daga nan kuma da sauran tafiyar awa guda. Bas kuwa kada ma ya wahalar da kansa, masu zuwa Kirsimeti sun kwashe kujeru tun makon jiya. Ambeyi ya zauna a kan akwatinsa ya kira Imali.

"Maigida, ka hau jirgin ƙasan kawai, ka samu ka miƙe ƙafa," in ji ta. "Yaya Lugonzo zai buɗe masa, sai ka same su a fili. Ai ya saba da shi."

Ba da mugun nufi ta faɗa ba, amma maganar ta soke shi. Yana nan riƙe da waya sai ya ji an ce a bayansa, "Wannan gwamen dai na san shi."

Muhanji ne, da tumbinsa da hular kaboyi. 'Yarsa Ayuma, ma'aikaciyar jinya, ya zo ɗauka, ashe jirgi ɗaya ta shigo da Ambeyi. Ga a-kori-kurarsa can a fake, kuma yanzu zai kama hanya, ba tsayawa sai Khayega. Abin nema ya samu. Ambeyi ya yi tsalle zai rungume shi, sai ya tuna, ya ja birki da hannuwa a sama. Daga jajibirin karo masu shanun biyu ba sa musafaha, ba sa cin abincin juna, ba sa zama ƙarƙashin rufi ɗaya. Wanda ya karya, ƙarfin sansa ya koma wa abokin gaba.

"Shigo mana, sa'ana," in ji Muhanji, ya buɗe masa ƙofar gaba har da rusunawa. "Ga kujera mai laushi, ga ɗumi. Ayuma ta zo da dabino."

"Ka ji ɗan banza. Wato motarka ba ta da rufi?"

"Tana da shi, sabo ma. To sai ka bi jirgin ƙasa, ka iso ka taya mu kwashe abin da ya rage na ɗan akuyan nan naka."

Ambeyi ya dubi direban tasi, ya dubi sama inda wani jirgi ke tashi ba da shi ba, ya zagaya motar sau ɗaya yana sosa ƙeya. Sai ya fashe da dariya, ya cilla akwatinsa a baya, ya haye ya zauna a kai.

"Nan fa? Nuna mini rufin."

"Kawu, sanyin hanya zai kashe ka," in ji Ayuma. "Karɓi bargo."

"Na gode, 'yata. Bargon gidan Katafila ne."

"In 'yan sanda sun tsare mu, kai kaya ne," in ji Muhanji, ya tayar da mota.

Da mai hankali ne da ya kwanta tsakanin akwatuna ya rufe bakinsa. Ambeyi kuwa tun daga Limuru ya durƙusa ya kama ƙarfe yana yi wa Siminti kirari, iska na shiga maƙogwaronsa yadda ta ga dama. Muhanji ya sauke gilashi yana mayar masa da na Katafila, yana raka shi da oda. A Nakuru suka tsaya, kowa ya sayi shayinsa a rumfa daban, suna zagin kakannin shanun juna ta tsallaken titi, masu sayar da gasasshiyar masara suka rabu gida biyu. A Kericho ruwa ya sauko. Ambeyi ya jiƙe sharkaf, haƙoransa na kaɗawa, bai fasa waƙa ba. Murnar shekara biyu ce ta taru, ba inda zai zuba ta.

Zakara bai yi cara ba suka sauke shi a bakin hanyar gidansa. Tsakar gida cike da mutane, makaɗa sun ɗumama gangunansu a bakin wuta, kowa na jiran muryar nan. Ambeyi ya buɗe baki zai yi sallama. Iska kawai ta fito. Ya yi kaki, ya sake gwadawa, ko raɗar Doha bai samu ba.

Imali ta dube shi, ta miƙa masa fitila. Ya shiga garken ta ƙofar ciki, ya turo ta.

Siminti ya ba shi baya yana tuƙa. Ya yi girman da hoto bai nuna ba. Ambeyi ya tsaya ruwa na ɗiga daga rigarsa. Duk abin da ke tsakaninsa da dabbar nan da murya ya gina shi, ga shi ya zo ba ta. Bai taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Sai san ya daina tuƙa. Ya juyo a hankali, ya shinshina gwiwar Ambeyi, ya haura zuwa ƙirji, ya huro numfashi mai ɗumi. Sannan ya kifa faffaɗan goshinsa a cikin Ambeyi, ya tura shi har jikin bango, ya tsaya a haka. Ambeyi ya ajiye fitila, ya kama ƙahonnin nan biyu, ya yi kukansa ba sauti.

Daga waje Lugonzo ya ƙwanƙwasa. "Ƙanena, gari zai waye, ba mu ji ka gaya masa komai ba."

"Yaya, ƙyale su," in ji Imali. "Magana suke yi."

Ambeyi ya share fuska da jiƙaƙƙen hannun riga, ya zare sakatar.