Ƙyamaren Zango a Kasuwar Sambraga

Ranar wata Talata da hantsi, a shekarar da aka rushe Zangwatin, tsohuwar unguwar Hausawa da ke tsakiyar Wagadugu wadda muke kira Zango, ina 'yar shekara tara, na ga mutum yana ba ƙyaure haƙuri. Katafila tana ta ruri a bayan masallacin layinmu, maza suna kwance kwano daga rufi, mata suna ɗaure tukwane cikin zannuwa, kowa da abin da ya dame shi. Shi kuwa Kawu Sule Mai Fenti sai ya tsayar da amalanken jakinsa a ƙofar gidanmu, ya dafa tsohon ƙyaurenmu na katako, ya ce masa, "Yi haƙuri, tafiya ta kama mu." Sannan ya cire shi ya ɗora a kan waɗanda ya riga ya tara. Ba wanda ya hana shi. An ce gidajen da za a gina a sababbin filaye na siminti ne masu ƙofar ƙarfe, wa zai ja tsohon katako ya bi shi? Innata ta dube shi ta ja tsaki, ta ce mutane suna kukan gida, shi yana tsintar itacen girki.

Ba ɗan'uwanmu ba ne, duk yaran unguwa Kawu muke ce masa. Ubansa Bahaushe ne daga Nijar, uwarsa kuwa cikin Mosawa ta fito. Sana'arsa zane a jikin manyan motoci, zaki da giginya da jirgin sama, kuma ba a taɓa ganin ya gama aiki ranar da ya yi alkawari ba. Malafarsa ta sha fenti iri-iri har ba a gane asalin launinta. Yana hira da jakinsa kamar aboki, in jakin ya ƙi tafiya sai ya zauna a ƙasa ya jira shi ya huce. Manya suna cewa da ɗan motsi a kansa, mu kuwa bin sa muke yi duk inda ya nufa. To wannan mutumin ne ya kai mu ƙauye. Filin da aka ba mu yana can bayan gari, ba ruwa ba inuwa, Baba kuma tela ne, ba shi da ƙarfin ɗora gini. Kawu Sule ya ce gidan mahaifiyarsa yana nan a Sambraga ba kowa a ciki, mu je mu zauna kafin Allah ya kawo mafita. Muka kwashe, ni da Baba da Inna da ƙanena Sani yana goye, da Kaka, mahaifiyar Baba.

Kai, Sambraga! Ban taɓa jin shiru irin na garin nan ba. Da can kan hanya yake, motoci suna tsayawa, kasuwa tana ci duk bayan kwana uku kamar yadda Mosawa suka saba. Da aka shimfiɗa sabuwar kwalta ta wuce can nesa, sai gari ya mutu a tsaye. Samari sun tafi gonakin Abijan ko ramukan zinariya, an bar tsofaffi da jikoki. Rumfunan kasuwa sun zube, awaki ne ke kwana a ciki. Kullum da safe nakan ɗauki bokiti in bi layin famfo, in dawo in share tsakar gida, in wuce lakwal, wato makarantar boko, inda aji uku muke haɗuwa a ɗaki ɗaya wajen malami ɗaya da muke kira mushe. Da na taso sai a ɗora mini tiren waina. A Zango kafin in kai ƙarshen layi tire ya ƙare. A nan sai in zagaye gari kaf ina kira, tsofaffi su sa mini albarka da Mosanci, in dawo da kayana yadda na fita da su. Mu muke cinyewa, har na tsani warin man waina. Keken ɗinkin Baba kuwa yana lulluɓe da zane, sai dai wani ya kawo facin wando ya biya da gyaɗa.

Wata rana da la'asar ina tsince tsakuwa a shinkafa na ji Baba yana gaya wa Inna abin da ya yanke. In har damina ta faɗi abubuwa ba su canja ba, shi zai bi samari Abijan, Inna ta koma gidansu a Ƙonni da Sani, Kaka ta tafi wajen ƙanensa, ni kuma a kai ni unguwar Tampuy a Wagadugu hannun Goggo Rabi in ci gaba da lakwal. Na ajiye shinkafar, na kasa ci gaba da tsinta. Ba wai Goggo muguwa ba ce, ko da yake ta iya murɗe kunne. Ni dai ban taɓa kwana inda babu Inna ba. Tun daga ranar na zama mai duban sama, ko ɗan gajimare na gani sai gabana ya faɗi. Inna kuwa duk haushinta a kan Kawu Sule ta sauke, ta ce shi ya kawo mu maƙabarta. Ko gaisuwarsa ta daina amsawa.

Shi ko a jikinsa. Ya yi ta safara da amalanke tsakanin Wagadugu da Sambraga har ya kwaso ƙyamarensa duka. Ya kai wa sarkin garin goro da zakara, ya roƙi filin tsohuwar kasuwa, aka ba shi ana dariya. Sai ya shiga haƙa ramuka, ya kafa itace biyu ya rataya ƙyaure, ya matsa gaba ya kafa wasu. Ƙofofi tsaye a fili, ba bango ba ɗaki, iska tana kaɗa su! Da farko na ɗauka jera su kawai yake yi. Ranar da na tsaya daga bakin layin na duba da kyau, sai na gane. Namu yana kusa da na Hajiya Balki mai fura, yadda yake a Zango. Na Malam Liman yana fuskantar na mai goro. Har lungun da muke bi mu je injin markaɗe ya bar masa gurbi. Layinmu ne sak. Daga nan ya ɗauko gwangwanayen fentinsa, kowane ƙyaure ya zana masa abin da aka san gidan da shi, ƙwaryar fura, buta da allo, ragon da ya taɓa tunkuyin mai unguwa. Namu ya yi masa keken ɗinki da tandar waina. Bai zana fuskar kowa ba. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Masu fuskar za su kawo abinsu."

Ashe garin yana da nasa gwanin rikici. Yaba Tene tsohuwa ce mai ginin tukwane, yaba kuwa kaka ke nan da Mosanci. Ba haƙori ko ɗaya a bakinta, lofe ba ya rabuwa da ita. Tulunanta ba sa kama da na kowa, wani da dogon wuya, wani da ƙaton ciki, wani ya karkace gefe guda, domin kowane tulu siffar wani yaron garin ne da ya tafi bai dawo ba, kuma da sunansa take kiran sa. Ba ta sayarwa. Ta zo ta zagaya ƙofofin nan da sandarta, ta tsaya gaban Kawu Sule ta wanke shi tas. Ta ce a ƙasarsu baƙo ruwa ake fara ba shi kafin a tambayi sunansa, wane irin marar tarbiyya ne zai kafa ƙofa ba ruwa? Washegari ta sa jikokinta suka kwaso tulunan, aka ajiye ɗaya a gindin kowace ƙofa. Cika su kuwa a kanmu ya faɗa, ni da jikarta Awa. Na yi mita har na gaji. Amma a wannan jigilar ruwan na koyi Mosanci, Awa ta koyi carafke da waƙoƙin gaɗa.

Sai Kaka ta ƙara wa Inna ciwon kai. Tun zuwanmu ba ta fita, abinci ma sai an yi da gaske. Rana ɗaya ta ɗauki tabarmarta da kwandon gyaɗa ta tafi kasuwa, ta shimfiɗa a gaban ƙyaurenmu ta zauna tana ɓara, yadda take yi a Zango tun kafin a haife ni. Kullum haka. In na kawo mata ruwa na zagayo ta gefe sai ta daka mini tsawa, "Ke 'yar gidan wa ce? Koma ki shigo ta ƙofa!" Dole in koma in yi sallama in tura ƙyaure in fito ɗaya gefen, cikin fili ɗaya da rana ɗaya. Inna ta ce shi ke nan, mahaukata sun zama uku.

A haka wata rana wata babbar mota ɗauke da albasa ta bar kwalta ta biyo tsohuwar hanya neman ruwan inji. Direban ya sauko da jarka, ya doshi tulunan, sai ya tsaya cak. Hamidu ne, ɗan Hajiya Balki maƙwabciyarmu. Ya dubi ƙyauren gidansu da ƙwaryar fura a jiki, ya dubi Kaka zaune inda ya saba ganin ta. Kaka ko mamaki ba ta yi ba, ta ce, "Hamidu, ina uwarka?" Ƙaton mutum ya durƙusa yana share hawaye da hula. Ya ce tana unguwar Sisin a Wagadugu a ɗakin haya, ba ta san kowa ba, kullum tambaya take ina aka kai wance, ina aka kai wane. A lokacin waya ba ta yawaita ba, an watsa mu ko'ina cikin birni, maƙwabcin shekara talatin bai san inda ɗan'uwansa ya faɗa ba. Da kasuwa ta zagayo sai ga motar Hamidu, tsofaffin mata cike a baya kan buhunan wofi. Kowace ta sauko ta nufi ƙofarta ba tare da an nuna mata ba. Aka yi kuka, aka yi guɗa. Kafin azahar Hajiya Balki da matar mai goro sun tayar da tsohuwar rigimarsu ta ruwan wanki da ke kwarara ƙofar wani, alhali babu ko kwata a wurin.

Labari ya bazu. Duk ranar kasuwa sai an zo daga Tampuy, daga Sisin, daga sababbin filaye. Mai neman sanar da suna ko rasuwa ya san inda zai sami mutanen layi gaba ɗaya. Mutanenmu kuma kun san su, ba su iya zama hannu rabbana ba. Wannan ta zo da turare, wancan da goro, wani ya baje takalma a gaban ƙofarsa. Mutanen ƙauyukan kewaye suka ji, suka fara kawo zabi da man kaɗanya da dawa. Aka kori awaki aka gyara rumfuna. Wainar Inna ta koma ƙarewa tun da hantsi, ni ce har da kukan gajiya. Baba ya ɗauko kekensa ya kafa a inuwar ƙyaurenmu, mata suna kawo atamfa. Amma bai janye maganar tafiya ba, jakarsa ma tana nan rataye a ƙusa, ga bazara ta yi nisa, hadari yana haɗuwa ta gabas yana watsewa.

Wata safiya sama ta yi baƙi ƙirin, Baba ya ce in sa takalmi in biyo shi. Na ce shi ke nan, yau sai Tampuy. Ina tafe ina kuka a hankali, ban ma lura da cewa ba tashar mota muka nufa ba. Sai ga mu a kasuwa. A bayan ƙyaurenmu Kawu Sule ya naɗe wando yana taka laka, Yaba Tene tana zaune tana gaya masa bai iya ba, ga tubala da aka buga tun kwanaki an jera. Baba ya miƙo mini bokiti ya ce, "Ke, bar kukan nan ki ɗebo ruwa. So nake mu tayar da shagon nan kafin ruwa ya sauka." Na ce, "Tampuy fa?" Ya ce, "Ba inda za mu." Wallahi ban san lokacin da na kwasa da gudu zuwa famfo ba. Da rana Inna ta zo da kanta ɗauke da kwanon tuwo, ta ajiye a gaban Kawu Sule, ta durƙusa ta ce, "Kawu, a yafe mini." Ya ce shi bai san an yi faɗa ba, ya ja kwano.

Shekara bakwai muka yi a Sambraga, duka biyar ɗinmu, har Allah ya karɓi Kaka a can. Yanzu ina zaune a Sisin da 'ya'yana, ƙofarmu ta ƙarfe ce, a kulle take wuni, maƙwabciyata ma sai mu yi sati ba mu haɗu ba. 'Yan tsohon layinmu duk muna da lambar juna a waya, gaisuwa ba ta yankewa, amma na manta rabon da in ga mutum goma daga cikinsu a inuwa ɗaya. Bara na kai yara Sambraga. Kasuwa tana ci, har da masu gyaran babur da masu cajin waya, wasu daga cikin samarin da suka tafi sun dawo sun buɗe shaguna. Gara ta cinye yawancin ƙyamaren, masu sayayya ba su ma san da su aka fara ba. Kawu Sule da Yaba Tene sun daɗe da rasuwa, ba su bar gida ko gona da sunansu ba. Ni dai na san albarkacinsu na girma a gaban uwata da ubana. Allah ya ji ƙansu, ba ni da abin biyan su sai addu'a.